Hannun Injiniya Mun

Shekara ashirin da shida na yi ina kai abinci a kasuwar kayan lantarki ta Seun, tire uku a kaina, in hau bene in sauko, har wuyana ya yi kauri kamar na mai dambe. Sunana Yeo Bok-rye, amma a kasuwar ba mai kirana da shi. Manya su ce Uwar Ok-bun, da sunan ɗiyata, samari su ce Inna. Mutum ɗaya ne yake ce mini Yaya, shi ne Mun Pil-gu, kuma labarinsa zan ba ku, tunda shi ko a raye bai iya ba da labari ba.

Mutumin Mokpo ne. Yana ɗan shekara goma sha bakwai injin matse ƙarfe ya cinye masa yatsu biyu na hannun hagu a wata masana'anta. Ya ce mini shugaban ma'aikata tsumma ya jefo masa, ya ce ya matsa gefe kada ya ɓata kaya da jini. Daga nan ya koyi gyaran rediyo, ya koma talabijin, ya ƙare a kwamfuta. Shagonsa yana hawa na uku, ƙunci gare shi har sai na karkata tire kafin ya shiga. Yana ci idonsa na kan aiki. Shekara shida ina kai masa shinkafa da miyar waken suya, bai taɓa cewa ta yi daɗi ba, bai kuma taɓa rage ko cokali ɗaya ba. Na sha rantsuwa zan zuba masa gishiri da gangan in ga ko yana da harshe.

A lokacin, wajen 1986, kwamfutar gida ba komai ba ce illa faffaɗan allon maɓallai da ake jona wa talabijin. A samanta akwai rami biyu da ake cusa kati, kowane kati ya kai girman sabulun wanki. Rami biyu kacal. A na farko dole ka sa katin haruffanmu, in ba haka ba na'urar Turanci kawai take ji. A na biyu ka sa katin faifai, mai adana aikinka. To in kana son buga abin da ka rubuta a takarda fa? Katin firinta ba shi da wurin shiga. Malaman darasi, sakatarorin coci, masu kantin magani, kowa ya sayi na'ura da murna, sai ya kai gida ya tarar da wannan tsiyar.

A kan wannan tsiyar Ma Dal-ho yake cin abinci. Tsohon ɗan kokawa ne, kunnuwansa duk sun murɗe, kuma yana da maza bakwai ko takwas da ke tsaye a bakin matakala suna jan rigar masu saye. Wani akwati yake sayarwa, ka cusa wayarsa a rami ɗaya ya ba ka rami huɗu. Da wayar banza ake haɗa shi a ƙarƙashin wani gini. In ya yi awa biyu yana aiki sai ka ji ƙauri kamar ana babbaka kaza, wata rana kuma ya tafi da na'urar gaba ɗaya. In mai kaya ya dawo da kuka, Dal-ho ya ce wutar gidansa ce ba ta da kyau. In ya ƙara magana, a raka shi ƙasa ta hanyar da ba ya buƙatar ƙafa. Rabin gawarwakin na'urorin nan a teburin Pil-gu suke ƙarewa, ina jin sa yana tsaki yana buɗe su.

Wata rana kwanukana sun ƙare, na shiga shagonsa a gaggauce na ce, "Injiniya, juye miyar nan a kwanonka, ina son nawa yanzu."

Ya juye. Na ɗauki kwanon zan fita, sai na ji ya ce, "Yaya, tsaya. Kin tafi da kwanon."

"To nawa ne."

"Amma miyar tana nan."

"Da ina za ta je? Birnin Busan? Kai, ci abinci, dalma ta fara taɓa maka kai."

Ranar ce kaɗai ya bar miyata ta huce. Daga baya ya yi mini bayani, ni ma kuma na gane, don ba a kaina aka fara rashin ilimi ba. Katin haruffa kwano ne kawai. In aka juye abin da ke cikinsa a ƙwaƙwalwar na'urar, sai a cire shi a sa na firinta a raminsa. Matsala biyu ce. Ƙwaƙwalwar ƙarama ce, haruffan sun kusa cinye ta, sai ɗan lungu ya rage wa manhajar da za ta yi juyin. Sannan cire kati na'ura tana kunne, kowa ya san kisan kai ne, in ka kashe ta kuma abin da ka juye ya zube.

Wata goma sha ɗaya ya yi yana fama. Ya rubuta, ta yi tsawo, ya datse. Ya sake datsewa. Ya rame har wandonsa yana zamewa. A ƙarshe ta tsaya a layi casa'in da huɗu. Tana juye haruffan, sai ta tsayar da na'urar cak, ta hana ta waiwayar ramukan, fuskar talabijin ta koma kore shar. Idan ka ga koren nan, sai ka kama katin da hannu biyu, gefe da gefe, ka zaro shi sama a miƙe. In ka karkata ko kaɗan haƙoran katin su taɓa juna, na'urar ta mutu. Ka cusa na firinta, ka danna dogon maɓalli, ta farka ta ci gaba kamar ba a yi komai ba. Da yatsunsa takwas ya nuna mini, yana murmushi. Ban taɓa sanin yana da giɓi ba sai ranar.

Duk wanda ya zo da kaset fanko sai ya naɗa masa. Cikin wata biyu akwatunan Dal-ho suka fara tara ƙura.

Ina cikin shagon ranar da suka zo, da tsakar rana, ana zafi. Dal-ho ya cika ƙofa, bayansa Pyo Man-deuk, wani siriri mai tabon wuƙa a haɓa, wanda shi ne hannun damansa.

"Injiniya Mun, an ce ka zama boka," in ji Dal-ho. "Rami biyu kana fitar da uku. Inna, matsa mana, maganar maza ce."

"Kwanona nake jira," na ce.

Bai kula ni ba. "Ga yadda za a yi. Ka gyara abin nan ya zama ba ya aiki sai da akwatina. Kowa ya ci abinci."

Pil-gu bai ɗago ba. "Maigida Ma, akwatinka ƙona na'urorin mutane yake yi."

Ina ma ya yi shiru. Marin da ya sauka masa ya ɗauke shi daga kujera ya haɗa kansa da kanta, kwalaben ƙananan kusoshi suka zubo masa a ka. Man-deuk ya ja wani bututun ƙarfe daga hannun rigarsa ya fara da talabijin. Ya bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya, har da na mutane da aka kawo gyara. Ya zazzage kaset-kaset yana zaro zarensu, ya tattake faifai da dunduniya, ya yayyaga littattafan da Pil-gu ya cika da lissafi ya tura su a bokitin ruwa. Na yi ihu, ya hankaɗa ni na faɗa kan tirena. Shi kuwa Dal-ho ya kamo hannun daman Pil-gu ya shimfiɗa a tebur, yana taɓa yatsun ɗaya-ɗaya kamar mai zaɓen kifi.

"Nan biyar, can uku. Takwas ke nan. Ka ji ni da kyau, ɗan Mokpo. In na sake ganin koren talabijin a kasuwar nan, ko a shagon wa, uku za su rage maka."

Makon da ya biyo baya suka bi shago-shago suna karɓe kaset. Kowa ya miƙa, sai Tsoho Byeon mai sayar da fitilun rediyo, wanda ya ce musu shi ya ga yaƙi, ba zai ji tsoron 'yan jan riga ba. Suka buga fuskarsa a gilashin kantarsa har hancin ya kwanta, suka ja shi ta ƙafa zuwa hawa na biyu, kansa yana ƙirga matakala. Bayan haka suka tsare kowace ƙofa, suna zazzage jakar duk mai shiga da mai fita. Koren nan ya ɓace kaf.

Na ɗauka magana ta ƙare, har na ji sanyi a raina. Sai wata rana na shiga na tarar da Pil-gu, ido ɗaya a kumbure, yana rubutu a farar takarda da ƙananan lambobi a jere. Duk layi casa'in da huɗun suna kansa.

"Yaya," ya ce, "wa yake ɗaga jaridar da kike rufe tire da ita?"

Nan take na gane. Mu masu kai abinci da tsohuwar jarida muke rufe tire saboda ƙura, kuma tunda aka gina kasuwar ba wanda ya taɓa kallon jaridar nan. Manhaja kuwa ba sai a kaset ba. Duk mai shago a wurin ya iya zama ya kwafe lambobi daga takarda zuwa na'ura, haka suke yi da na mujallu.

"Ba zan ɗauka ba," na ce. "Ka haukace? Ba ka ji abin da ƙaton nan ya ce ba?"

"Na ji."

"Hannunka fa, ɗan banza? Da me za ka ci abinci? Da ƙafa?"

Ya ci gaba da rubutu. "Tun da aka haife ni gyaran abin wasu nake yi. Wannan kaɗai ne nawa. In ya mutu a cikin kaina, ban san me zan yi da hannun ba."

Na zage shi tas, na haɗa da Mokpo da duk wanda ke cikinta. Na fita na bar shi. Na kai hawa na biyu, inda jinin Tsoho Byeon bai gama fita daga siminti ba, na tsaya. Sai na koma na fizge takardar. Kuna iya cewa fushi ne, kuma akwai fushin. Amma gaskiyar ita ce ina son mutumin. Mijina ya shekara tara da rasuwa, kuma cikin shekara shida wannan ne abu na farko da Pil-gu ya taɓa roƙo na. Ban iya ce masa a'a ba, ko da abin da yake roƙo zai hallaka shi.

A lungun masu ɗab'i na Euljiro ina da wanda nake kai wa abinci. Ya buga mini ɗari uku bai tambayi komai ba. Washegari na shimfiɗa takarda ɗaya a kan kowane tire, na ɗora jarida a sama, na gyara gammona na nufi matakala.

Man-deuk ne a bakin ƙofa. "Inna, me aka dafa mana?"

"Abin da uwarka ba ta iya ba. Ba ni hanya, miya na hucewa."

Ya yi dariya, ya sa hannu ƙarƙashin jaridar tiren ƙasa ya zaro yankan wainar ƙwai ya jefa a baki. Sannan ya yago gefen takarda don ya goge yatsunsa. Takardar Pil-gu ce ya yago. Na dafe tire ukun da ke kaina. Ya dubi lambobin, ya karkata kai.

"Kai, Inna ta waye! Farashin hannun jari ake rufe mana shinkafa da shi yanzu?"

Ya goge maiƙon, ya dunƙule ya yar. Shi kaset aka ce ya nema, kuma kaset yake nema.

Kwana biyu na yi ina raba su. Ban ce wa kowa komai ba, sai dai in na ajiye tire in ce, "A duba ƙasan jarida." Abin da ban lissafa ba shi ne miya. Jar miyar kimchi, wato kabeji mai tsami da barkono, ta fantsama a kusan kowace takarda, ta rufe layi biyu a wannan, uku a waccan. Lamba ɗaya ta ɓata, manhajar ba za ta tashi ba. Dole kowa ya leƙa shagon maƙwabcinsa: "Kai, me ke layinka na arba'in da ɗaya? Nawa kabeji ya zauna a kai." Mutanen da ke tsoron haɗa ido mako guda da ya wuce, ga su kai da kai suna kwatanta takardu. Ɗalibai suka kwafa a littattafansu suka fita da ita ta gaban masu bincike, suka kai Daegu da Busan.

Na roƙi Pil-gu ya hau jirgin ƙasa ya koma Mokpo. Na ce zan saya masa tikiti, zan raka shi tasha. Ya ƙi. Ya ce in ba su same shi ba, wani za su kama, kuma sun san wa ke yawo shago-shago. A maimakon gudu sai ya aro ƙarfen dalma, ya zauna ya bi kayan mutanen da Man-deuk ya farfasa, duk wanda zai gyaru ya gyara shi. Ya ɗaura wa kowanne takarda da sunan mai shi, da rubutunsa mai kyau, ya jera su a kanta. Na ga yana sauri, na kuma san dalilin saurin, na fita waje na yi kuka.

Ranar Alhamis wani ya manta ya juya talabijin ɗinsa bango. Koren ya haska har baranda.

Ina hawa na biyu da tukunyar ƙasa a tire, miya tana tafasa a ciki, na ji ƙarar farko. Ba ihu ba ne, ƙarar guduma ce a kan abin da ba ƙarfe ba. Ban san yadda na hau sauran matakalar ba. Sun matse wuyan hannunsa a ƙarfen matse kaya da ke bakin teburinsa, Man-deuk ya shaƙe shi ta baya, Dal-ho yana riƙe da gudumar Pil-gu ɗin kansa. Babban yatsa ya riga ya tafi. Ya ɗaga ya sauke a na biyu ina kallo. Pil-gu ya ciji leɓensa har jini yana bin haɓarsa.

Na sauke tukunyar da hannuna tsirara na kife ta a wuyan Man-deuk. Ya kurma ihu ya saki, ya juyo ya haɗa ni da bututun nan a baki. Na ji haƙorana biyu a kan harshena. Na faɗi, na kama ƙafar Dal-ho na cije ta da sauran, ya yi ƙwallo da ni zuwa ƙofa bai ko waiwayo ba.

"Uku," yake cewa. "Huɗu. Na faɗa maka ko ban faɗa maka ba?"

Sai bayan ta biyar maza suka fito. Tsoho Byeon ne a gaba, fuska a naɗe da bandeji, yana jan kujerar ƙarfe. Bayansa masu shaguna suka yi ambaliya da ƙarafan dalma masu zafi, da sandunan eriya, da duk abin da hannu ya kai. Suka danne Dal-ho a baranda, mutum ya kai talatin a kansa, suka karya masa haƙarƙari da muƙamuƙi, suka gangara da shi matakalar da ya saba gangara da mutane. Akwatunansa aka yi ta jefowa daga hawa na uku suna tarwatsewa a titi. Har yau in suka taru suna ba da labarin jarumtakar da suka yi. Ni dai na ƙirga. Mutum ɗari uku suka kwafi layukansa, kuma duka suna jin guduma tun daga ta farko.

Likitoci sun bar masa hannun, amma ya warke a dunƙule kamar citta, ba yatsan da ke motsi. Bayan wata uku ya dawo kasuwa. Dal-ho yana kurkuku, talabijin kuwa ko'ina kore, ba mai juya shi bango. Tsoho Byeon ya ja shi shagonsa, ya zaunar da shi gaban sabuwar na'ura, mutane suka cika ƙofa suna tafi. Aka tayar da manhajar, fuskar ta koma kore. Pil-gu ya ɗaga hannuwansa zuwa katin, ya tsaya. Abin da ya ƙirƙira hannu biyu yake so. Kowa ya sunkuyar da kai.

"Yaya," ya ce.

Na ajiye tire, na goge hannuna a gaban riga, na zaro katin a miƙe.

Bai sake riƙe ƙarfen dalma ba. Ya dawo ɗakin girkina yana ɓare tafarnuwa da yatsu uku, a shekara ta biyu muka yi aure, na yi shekara goma sha tara ina yanka masa nama ƙanana ina ɗaura masa igiyar takalmi. Na'urorin nan kuwa ko shekara biyar ba su ƙara ba aka daina yayinsu, sababbi suka zo da ramuka har ba a san abin da za a cusa ba. Mutane suna yaba mini wai ni na ceci manhajar. Ba na son jin wannan yabon. Na san abin da na ɗauka a kaina kwana biyun nan, hannun mijina ne na bi shago-shago na raba.

Sau ɗaya na tambaye shi, a asibiti, saura kwana kaɗan ya rasu. Ina ba shi miya a baki na ce, "Maigida, ka faɗa mini gaskiya. Ka taɓa yin nadama?"

Ya haɗiye miyar, ya dubi dunƙulallen hannun a kan bargo.

"Kullum," ya ce. "Layi na sittin da biyu. Da na ƙara mako ɗaya, da na cire shi, ta koma casa'in da uku."